Kowace ƙasa da ɗanɗanonta: tafiya daga Gidan Runji zuwa Gazawa

 

A wannan wata zan ba ku labarin wata ƴar tafiya da na yi cikin jaharmu ta Maraɗi. Ba doguwar tafiya ba ce. Amma Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da ya buɗe mini ido kuwa, wata ƴar jakar kafe ce.

Tsaraba daga Habasha

Wani ɗan garinmu da ke aiki a Yamai ya je taro a Adis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha. Da ya zo ganin gida, ya kawo mini tsaraba. Jakar takarda ce cike da ƴaƴan kafe soyayyu, ba a niƙa ba. Ni kafen da na sani shi ne na gwangwani da na ƴar leda, wanda ke narkewa cikin ruwan zafi. Ban taɓa ganin ƙwayarsa ba sai ranar. Kamar wake take, da tsaga a cikinta.

A jikin jakar akwai rubutu. Na kai ta makarantarmu ta yaƙi da jahilci, na kwafi babbar kalmar a allo. Ɗalibai suka yi ta haɗa baƙaƙe har muka fitar da ita: Yirgacefe. Mai tsarabar ya riga ya gaya mini sunan wani gari ne a kudancin Habasha. Duk ƙwayar da ke cikin jakar daga gonakin wannan yanki ta fito, ba a gauraya ta da ta wani wuri ba.

Sai wani dattijo cikin ɗalibaina ya ɗaga hannu. Ya ce: "Malam, kafe ai kafe ne. Me ya sa za a rubuta sunan gari bisa jaka? Shekara nawa muna saida wake da gujiya, wa ya taɓa tambayarmu sunan garinmu?"

Na ce: "Baba, ba ni kwana kaɗan." Gaskiya ba ni da amsa. Cikin wannan mako aka aiko mini yayata ta haihu a Gazawa. Na shirya zuwa suna, na jefa jakar cikin kayana.

A teburin mai shayi

Da asuba na isa tashar Gidan Runji. Ɗari ake yi sosai, mota kuma ba ta cika ba. Na zauna wurin mai shayi, na nuna masa jakar. Muka murƙushe ƙwayar da kwalba bisa tire. Ƙamshi ya tashi, har mai ƙosai da ke gefe ta waiwayo.

Muka zuba garin cikin kofi, muka zuba ruwan zafi, muka jira ya kwanta. Mai shayi ya kai hannu ga sukari da madara. Na ce ya dakata tukuna, mu fara jin abin shi kaɗai. Ya haɗa wani kofin da kafen gwangwani, shi ma babu sukari, muka jera su.

Direban motarmu ya kurɓi na Habasha, ya ɓata fuska. Ya ce: "Malam, an cuce ka. Wannan ya yi tsami, ya lalace." Mai shayi ya karɓa, ya kurɓa sau biyu, ya yi shiru. Can ya ce: "A'a. Wannan tsamin lemu ne, ba tsamin lalacewa ba. Ka ji bai kama maƙogwaro ba." Mai ƙosai ta ce ita ƙamshin fure take ji. Da kofin ya ɗan huce, sai wani zaƙi-zaƙi ya fito, alhali ba mu sa sukari ba. Na gwangwani kuwa ɗaci ne daga farko har ƙarshe, ɗacin da muka saba da shi.

Ga dalilin bambancin. Kafe mai narkewa a masana'anta ake yin sa. Ana dafa kafe da yawa cikin manyan tukwane, a busar da ruwan, ya zama gari. Nescafé da muka sani an fara fitar da shi a ƙasar Suwis a 1938, kuma akwai masana'antarsa a Abijan. Irin wannan kafe, ana haɗa amfanin gonaki masu yawa, don kowane gwangwani ya zo da ɗanɗano ɗaya. Wannan ba aibu ba ne. Yana da sauƙin kuɗi, yana da saurin haɗawa. Amma kamar a tatsi shanu ɗari ne cikin ƙwarya guda. Nono ne, sai dai ba ka iya cewa ga na wace saniya.

Tsibiri: Alhaji da goro

Daga Gidan Runji zuwa Maraɗi wajen kilomita 50 ne bisa babbar hanya. Kafin a kai Maraɗi akwai Tsibiri, garin Sarkin Gobir. Nan na sauka in gaida wani abokin mahaifina, tsohon ɗan kasuwar goro.

Bayan gaisuwa na dafa masa kofi guda. Ya shaƙi tururin, ya ce: "Gahawa ke nan. Lokacin da munka tahi Makka mun sha ta. Amma tasu ba baƙa ba ce, ruwanta fatsi-fatsi ne. Suna sa mata wani ɗan yaji mai ƙamshi, su ba ka cikin ɗan ƙaramin kofi tare da dabino."

Na gaya masa tambayar dattijon makarantarmu. Alhaji ya yi dariya har da tafi. Ya ce: "Yaro, kai da ka tashi kana ganin huhun goro, wanga abu zai ba ka mamaki? Ka rufe mini ido, ka ba ni goro biyu, in gaya maka inda kowane ya fito. Iyayenmu sun san goron Gwanja. Sun san ɗan Laboji na ƙasar Nufe, goron sarakuna. Sun san hannun ruwa mai yauƙi, wanda ba a kai shi gaban manya. Duk goro ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne."

Na ce: "Alhaji, me ke kawo bambancin?" Ya ce: "Iri, da ƙasa, da hannun mai adana shi. Goro mai kyau in ya faɗa hannun rago, kwana kaɗan ya bushe."

Maganar Alhaji ta Makka tana da tushe. Asalin itacen gahawa mai daraja daga tsaunukan kudu maso yammacin Habasha yake. A ƙarni na 15 sufayen ƙasar Yaman suna shan ta don su raya dare da zikiri. Daga nan ta shiga Makka, ta shiga Masar. A 1511 wani gwamnan Makka ya hana shan ta, amma hanin bai daɗe ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Moka, a Yaman, aka riƙa kai ta ƙasashen Turawa. A yau ƙasar Burazil ce ta fi kowa noman kafe a duniya, Biyetnam na biye da ita. A Afirka kuwa Habasha ce a gaba.

Hanyar Agye da Gazawa

Washegari na shiga mota daga Maraɗi, muka nufi gabas. Daga Maraɗi zuwa Agye wajen kilomita 80 ne, Cadawa na tsakani. Ƙasar jigawa ce, yashi mai laushi. Gonaki sun haɗe da juna, babu dajin da ba shi da mai shi. Amma ba a bar su tsirara ba. Gawo ya yi kore shar cikin rani, ga kalgo da sabara da manoma suka bari suna girma a tsakiyar gona. Mutanen yankin Agye sun yi suna wajen kiwon itace cikin gonaki.

Nan da can hayaƙi na tashi. Gonakin aya ne ake ƙone ciyawarsu kafin tono. Mata da yara sun duƙa da rariya, suna tankaɗe yashi, ƙura ta rufe su fari fat. Wanda bai ga aikin aya ba, bai san wahalar da ke bayan kunun aya ba.

Gaba da Agye kaɗan sai Gazawa. Da can tana ƙarƙashin Agye, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Nan ne ƙasar Gulbin Kaba, inda goriba da kaba suke. Na samu yayata da jariri lafiya. Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka ci aka sha.

Kofi biyu, ƙasa biyu

Da dare muka zauna bakin wuta a ƙofar gida. Ƙanen mijin yayata bai daɗe da dawowa daga ci-rani ba. Ya yi aiki a gonakin kafe da koko a wajen Dalowa, cikin ƙasar Kodibuwar. Da ya ga jakata sai ya shiga ɗaki, ya fito da ɗanyen kafe cikin leda, daga gonar da ya yi aiki.

Shi ya ba mu labarin itacen. Ya ce ganyensa kore ne rani da damina. Sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara ƴaƴa. Furensa fari ne mai ƙamshi. Ɗan yana fitowa kore, in ya nuna ya koma ja. Cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu. Ya ce: "Mai gona nagari ja kaɗai yake sa a tsinka. Mai gaggawa kuwa zage reshe yake yi, ɗanye da nunanne. Nan ne kafe ke fara lalacewa." Bayan tsinka, ko a shanya ƴaƴan da ɓawonsu a rana, ko a ɓare su a wanke sannan a shanya. Kowace hanya da ɗanɗanon da take bayarwa.

Kafe iri biyu ne manya. Akwai arabika, irin na Habasha da Yaman. Yana son tudu da sanyi. Gonakin Yirgacefe suna kan tsaunuka masu tsawon wajen mita 2000, mu kuwa yankinmu bai kai mita 500 ba. A cikin sanyin tsauni ɗan itacen yana nuna a hankali, shi ya sa yake tara ƙamshi. Akwai kuma robusta, irin na Kodibuwar. Yana jure zafin kurmi, ya fi ɗaci, ya kuma fi hana barci. Sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro da shayi, ya kusa ninka na arabika sau biyu.

Muka soya nasa cikin kasko, muna juyawa kamar gujiya, har ya fara ƙara ƙas-ƙas, ya yi launin ƙasa. Muka daka, muka dafa kofi biyu, aka zagaya da su. Kowa ya yarda na Dalowa ya fi nauyi a baki, yana da ɗaci da ƙamshin ƙanzo. Na Habasha ya fi sauƙi, ya fi ƙamshi. Samari sun fi son na Dalowa. Suka ce shi ne na mai aikin ƙarfi. Ba mu yi gardama ba, don kowa da bakinsa.

Cikinmu akwai wani dattijo Bafillace da ya zo barka. Na ce: "Baffa, kai me ka ji?" Ya ce: "Malam, na ji abin da na sani. Nonon damina daban, nonon rani daban. Saniya guda ce, ciyawa ce ta sake. In dabba ta sha ruwan wata rijiya, muna ji a nono. Gishirin Bilma ma ba ɗaya yake da gishirin Foga ba, ko raƙumi ya sani." Da na gaya masa mutanen Habasha suna dafa gahawa zagaye uku a zama ɗaya, na ukun suna kiran sa baraka, sai ya ce: "To, ai shayinmu ke nan."

Wani yaro ya tambaya ko za a iya shuka kafe a fadamar gulbi. Ɗan ci-rani ya ce kada kowa ya ɓata guminsa. Itacen yana son ruwan sama ninki biyu ko uku na wanda muke samu, kuma ba ya jure dogon rani. Wata tsohuwa daga cikin gida ta ce su a da ƴaƴan rai-ɗore ake soyawa a sha a madadin kafe. Haka ne, an yi wannan a wurare da yawa. Amma a kula: ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore guba ne ga dabbobi da yara. Kada a bar su cikin abincin dabba.

Yadda ake ɗanɗanawa

A ƙasashen da ake cinikin kafe akwai mutanen da aikinsu shi ne ɗanɗano. Suna ba kowane kafe maki bisa 100. Wanda ya samu 80 zuwa sama shi ake kira na musamman, kuɗinsa kuma ya fi na sauran. Hanyarsu ba ta da wuya. In kun samu ƙwayar kafe, ku gwada:

1. A niƙa daidai wanda za a sha. Garin da ya daɗe a buɗe ƙamshinsa yana gudu.
2. Kada a daka a turmin yaji ko na daddawa.
3. A shaƙi garin tun yana busasshe.
4. A tafasa ruwa mai tsabta, a sauke, ya ɗan tsaya, sannan a zuba.
5. A jira minti 4, a kwashe kumfar sama da cokali.
6. A kurɓa da ƙarfi, ya zagaya baki. A sake kurɓa in ya huce.
7. Kada a sa sukari sai an ji asalinsa.

Abu mai daɗi ma yana da iyaka. Mace mai ciki da mai hawan jini su rage shan kafe. Ba a ba ƙananan yara. Masu jefa ƙwaya cikin kafe don su ƙara ƙarfin aiki kuwa, lafiyarsu suke sayarwa.

Abin da na gani a kasuwar Cadawa

A hanyar komowa na sauka Cadawa ranar kasuwa. Wannan yanki yana cikin manyan wuraren noman aya a ƙasarmu. Buhuna jere, amalanke na shigowa, manyan motoci na jira.

Na tsaya kusa da wani mai saye. Yakan tura hannu cikin buhu, ya shaƙa, ya tauna guda biyu. Ashe shi ma ɗanɗano yake yi. Ya san aya manya da ƙanana. Ya san wadda ta bushe da wadda ta sha raɓa. Wata mata ta kawo tata, tsab-tsab, ta tsince ta sarai. Wani mutum ya kawo tasa da yashi da tsakuwa. Abin da aka ƙara wa matar bisa tiya bai taka kara ya karya ba. Ina tsaye aka juye su biyun cikin buhu guda, aka ɗinke. Buhun ba shi da suna.

Na ce mata: "Inna, ga taki ta fi kyau, me ya sa kika yarda?" Ta ce: "Ɗana, in ta bar nan wa zai san tawa ce? Baɗi ma ba zan wahala da tsinta ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Nan na samu amsar tambayar da aka yi mini. In kaya ba su da suna, mai gyara da mai ha'inci kuɗinsu ɗaya. In aka daɗe a haka, mai gyara zai gaji ya bari.

Suna linzami

Ayarmu tana tafiya Najeriya da yawa. Wata tana kaiwa har ƙasar Sipaniya, inda ake yin wani abin sha mai kama da kunun aya. Su ma suna noman aya a yankin Balansiya. Amma tasu tana da suna a rubuce, doka na kare shi. Ba wanda zai sa wannan suna bisa ayar wani wuri.

Mutanen Habasha sun yi faɗa a kan suna. Gwamnatinsu ta nemi a san cewa sunayen Harar da Sidamo da Yirgacefe na ƙasarsu ne. Sun yi jayayya da wani babban kamfanin Amurka mai saida kafe, Starbucks. A 2007 aka sasanta, kamfanin ya amince. A nan kusa da mu, a 2013, ƙungiyar OAPI mai ofis a Yawunde ta rubuta sunan kafen Ziyama-Masanta na ƙasar Gine cikin rajista. Nijar tana cikin wannan ƙungiya. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar su ma sun shiga rajistar. Jar akuyar Maraɗi kuwa, fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin kakanninmu.

Ƴan'uwa, ba sai mun jira ofis ba kafin mu fara. Ga abin da ke hannunmu:

Mu ware iri da iri. Kada a haɗa aya manya da ƙanana, ko farin wake da ja, ko farin riɗi da wani.
Mu bambanta aya da tsakuwa tun daga gida. Mu busar da kaya sosai kafin su shiga buhu.
Mu haɗa kai cikin ƙungiyar gari. Buhu ɗaya ba ya magana a kasuwa, buhu hamsin suna yi.
Mu rubuta bisa buhu: sunan gari, irin kaya, shekara, da yawan tiya.
Kada mu sa sunan garinmu bisa kayan da ba mu yarda da su ba. Buhu guda mai yashi ya isa ya ɓata sunan gari duka.

Ba zan ruɗe ku ba. Suna ba ya ƙara kuɗi cikin kasuwa ɗaya. Sai mai saye ya gwada bana, ya gwada baɗi, ya ga ba a cuce shi ba. Sannan zai dawo yana neman ku da suna. Haka goron Laboji ya yi, haka albasar Galmi ta yi.

Da na koma makaranta, na dafa ɗan abin da ya rage cikin jakar, na ba ɗalibai labarin duk abin da na gani. Dattijon nan ya kurɓa, ya ce shi har yanzu furarsa ta fi masa. Amma washegari ya zo da buhun da babu komi ciki, da guntun gawayi. Ya ce: "Malam, nuna mini yadda ake rubuta sunan garinmu da manyan baƙaƙe, yadda za a hango shi daga bisa mota." Ranar nan darasin da muka yi ke nan, mu duka.

Ku ma ku gwada a makarantunku, ku rubuto mana abin da garinku ya fi kowa iyawa. Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma da abin da muke kiwo. Allah ya kai mu damina lafiya. Amin.